Hoton ƙirji daga Tawa zuwa Yamai

Wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Tawa ne ya neme ni in rubuta masa manhaja. Mai asibitin dattijon likita ne da ya gama aikin gwamnati ya buɗe nasa, kuma buƙatarsa a baki ba ta da yawa: hoton radiyo (na ƙirji da ƙashi) da na eko (irin wanda ake duba ciki da shi) da ake ɗauka a wurinsa su isa ga wata ƙwararriyar mai karanta hoto a Yamai, ta duba, ta rubuto abin da ta gani, a saka a dosiyen majiyyaci tare da sauran takardunsa. Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, a bi ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso, kuma mutumin da tari ya ci ƙarfinsa bai kamata ya sha wannan zaman mota ba don kawai a kalli ƙirjinsa.

Kafin zuwana suna da tasu dabarar. Mai ɗaukar hoto zai buɗe hoton a allon na'ura, ya kashe fitilar ɗaki, ya ɗauka da wayarsa, ya tura ta WhatsApp. Na ce wa dattijon, "Lokotoro, ai ga hanya nan tana aiki, me za a biya ni in yi?" Ya ce, "Ɗana, kira Hajiya ka ji daga bakinta." Na kira ƙwararriyar. Ba ta ja zance ba: "Malam, abin da suke aiko mini hoton hoto ne. Ba na iya ƙara masa haske, ba na iya awo, wani sa'in ma ban san hagu da dama ba. A kan wannan kake so in sa hannuna?"

Tana da gaskiya, kuma dalilin na lissafi ne. Na'urar radiyo awo take yi. Kowane ɗigo a hoton lamba ce da ke faɗin yawan hasken da ya ratsa jiki ya isa faranti, ana kuma ajiye lambar a bit 12 zuwa 16. Bit 12 kaɗai matakai 4096 ke nan tsakanin baƙi da fari. JPEG na waya bit 8 ne, matakai 256, sannan WhatsApp ya sake matse shi ya rage girmansa kafin ya tashi. Ɗan tabon da ake nema a saman huhu idan ana zargin tarin fuka yana iya narkewa a cikin wannan ragin, ba wanda zai san ya taɓa kasancewa.

Tsarin da na'urorin asibiti ke ajiye hoto da shi sunansa DICOM. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta can suka fitar da na farko a 1985, wanda ake amfani da shi yanzu kuma ya samo asali ne daga bugun 1993. Idan ka buɗe fayil ɗin da manhajar duba ɗanyen bayani, za ka ga bayit 128 a farko waɗanda galibi sifili ne, sai haruffa huɗu, DICM. Da su nake gane fayil, ba da sunansa ba, domin faifan CD da majiyyata ke dawowa da shi daga Yamai bayan sun yi sikana, hoton da ke nuna jiki yanki-yanki, cike yake da fayiloli marasa wutsiya irin .jpg a ƙarshen suna, masu sunaye gajeru na haruffa da lambobi, da wani guda ɗaya mai suna DICOMDIR da ke riƙe da jerinsu. Bayan waɗannan haruffan sai bayanai su biyo, kowanne da lambarsa: (0010,0010) sunan majiyyaci, (0010,0020) lambarsa, (0028,0010) da (0028,0011) tsawo da faɗin hoto, can ƙarshe (7FE0,0010) inda ɗigogin suke. Wato mutumin da hotonsa a fayil ɗaya suke tafiya.

Ban zauna rubuta mai karɓar DICOM daga tushe ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Na ɗora Orthanc, manhajar kyauta da Sébastien Jodogne ya fara a asibitin jami'ar Liège ta Beljiyam, ta fito a 2012. Ba ta da nauyi, ƙaramar kwamfuta ta ishe ta. Tana sauraron na'urori a ƙofa ta 4242, tana amsa wa manhajoji irin tawa ta HTTP a ƙofa ta 8042. Nawa aikin na rubuta shi da Python, da taimakon pydicom wajen karanta fayiloli.

Haɗa na'urar radiyo da kwamfutar abu uku kawai yake so: adireshin IP, lambar ƙofa, da sunan kira da ake cewa AE Title, wanda ba ya wuce haruffa 16. Wahalar ba a nan take ba. Shafin da ake shigar da su a kulle yake da kalmar sirri, kalmar kuma tana hannun injiniyan kamfanin da ya sayar da na'urar, shi kuma ba a Tawa yake ba. Sai da dattijon ya kira shi da kansa aka buɗe mana ta waya. Duk mai shirin irin wannan aiki ya nemi kalmar nan tun ranar da ake cinikin na'ura, a rubuta ta cikin yarjejeniya. Da muka shiga, muka fara da C-ECHO, sallamar da na'ura ke yi wa uwar garke, wato kwamfutar da ke karɓar hotuna, don ta ji ko akwai mai amsawa. Ta amsa. Malam mai ɗaukar hoto ya zaɓi wani ƙirji ya danna aikawa, muka zuba wa allona ido.

Hoton ya iso, amma ƙasusuwan baƙi ƙirin, huhun fari fat. Malam ya yi dariya ya ce, "Injiniya, wannan mutumin ai ba na duniyar nan ba ne." Amsar tana (0028,0004). Wasu na'urori suna rubuta MONOCHROME2, inda ƙaramar lamba ke nufin baƙi, wasu MONOCHROME1, inda ƙaramar lamba ke nufin fari. Tasu ta biyun ce, sai mai nunawa ya juya. Layi biyu ne na rubutu, amma wanda bai karanta wannan gurbin ba zai yi ta zargin na'ura.

A nan na kafa ƙa'idar da duk sauran aikin ya hau kanta: fayil ɗin da ya fito daga na'ura ba a taɓa shi. Ba a rage shi, ba a juya shi, ba a gyara masa suna a ciki. Yana isowa nake lissafa masa hatimin SHA-256, lambar da ke sauyawa in an taɓa wani abu a fayil, in ajiye, duk abin da za a nuna wa mutum kuma kwafi ne da aka ciro daga gare shi, wanda in ya lalace a goge a sake cirowa. Fayilolin suna zaune a faifai, rumbun bayanai na PostgreSQL yana riƙe da adireshinsu da hatiminsu kawai. Cusa hoton mega 15 cikin rumbun bayanai yana yiwuwa, sai dai ranar da za ka yi ajiyar kariya za ka gane kurenka. Kuma saboda wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar rubutu, kowane fayil da sunan wucin gadi yake fara sauka, a tilasta wa faifai ya rubuta shi har ƙarshe, sannan a sauya masa suna zuwa na gaskiya. Sauya suna ko ya faru ko bai faru ba, babu rabi. Ondila, mai riƙe wuta da batiri, tana ba da ƴan mintoci kafin gurub, injin wuta, ya tashi, amma batirinta a zafin Afrilu na Adar ba abin dogaro ba ne.

Abin da ya fi cin lokacina a ɓangaren hoto shi ne taga. Allo matakai 256 yake nunawa, hoton kuma yana da dubbai, dole a zaɓi yankin da za a shimfiɗa tsakanin baƙi da fari. A sikana abin ya fi fitowa fili. Lambobin da ke cikin fayil sai an ninka su da abin da ke (0028,1053), a ƙara abin da ke (0028,1052), kafin su zama ma'aunin Hounsfield, mai sunan injiniyan Ingila da ya samu kyautar Nobel a 1979 kan ƙirƙiro na'urar. A wannan ma'aunin ruwa 0 ne, iska -1000, ƙashi ɗaruruwa zuwa sama da dubu. Mai duba ƙwaƙwalwa yana son tsakiya 40 da faɗi 80. Mai duba huhu yana son tsakiya wajen -600 da faɗi 1500. Yanki ɗaya na jiki, ka sauya taga, ka ga abin da ɗazu babu shi. Shi ya sa PNG da aka ciro da taga ɗaya ba ya isar mai karatu. Na bar shi don ƙananan hotunan jerin dosiye, ita kuwa Hajiya na haɗa mata OHIF, mai nuna DICOM a cikin burauza, wanda ke karɓar cikakkun lambobin ya bar ta ta ja taga da linzami yadda take so.

Awo ma haka. Girman kowane ɗigo a milimita yana rubuce a fayil, a (0028,0030) ko a (0018,1164) gwargwadon na'ura. Ka rage hoto da rabi ba ka gyara wannan ba, ƙari mai santimita 4 ya koma 2 a rahoto. Batun hagu da dama kuwa, Malam yana da ƴan haruffan darma guda biyu, D da G, dama da hagu a Faransanci, da yake ɗorawa a kusurwar faranti kafin ya ɗauka, su fito fari a hoton. Na cire maɓallin juya hoto daga shafin ma'aikatan asibiti gaba ɗaya. Likita kaɗai ke da shi, kuma juyin ba ya ajiyuwa.

Duk wannan ilimin littafi ne, yana nan ga mai nema. Abin da littafi bai shirya ni ba shi ne sunaye. Malam da hannu yake buga sunan majiyyaci a na'ura, cikin sauri, layi na jiran sa. Mutum ɗaya yau Mahamadou, wata mai zuwa Mahaman, a karnensa na asibiti Mamane. Ousseini da Housseini da Usaini. Sunan uba wani lokaci a gaba, wani lokaci a baya. Ranar haihuwa ba ta raba gardama, domin dattawa da yawa takardarsu cewa ta yi an haife su wajen shekara kaza, mai bugawa kuma sai ya sa 1 ga Janairu. A rumbunmu 19600101 ta tara jama'a. Gurbin lambar majiyyaci kuwa abin da ya zo hannu ake sawa, har da 1 da 000. Orthanc da wannan lambar take haɗa hotuna, saboda haka duk masu 000 sun zama mutum ɗaya mai ƙirji da yawa.

Ban yarda manhaja ta riƙa haɗa dosiye da kanta don sunaye sun yi kama ba. Hoton wani a dosiyen wani ya fi rashin hoton muni. Maganin da ya yi aiki shi ne a hana buga suna a na'ura kwata-kwata. DICOM yana da tsarin jerin aiki: a yi wa majiyyaci rajista sau ɗaya a teburin karɓa, manhajata ta ba shi lamba, ta rubuta ɗan fayil a wata jaka da Orthanc ke dubawa, na'urar radiyo ta tambaya, sunayen masu jira su fito a allon Malam, ya taɓa na wanda ke gabansa. Lambar muna buga ta a ƴar takarda mai gam mu manna a bangon karne, tunda karne shi ne abin da mutanenmu ba sa yarwa. Majo, babban mai jinya na asibitin, ya so a yi amfani da lambar waya a madadin haka. Na ce masa, "Majo, gida nawa ka sani da waya ɗaya ke yi wa mutum goma aiki?" Ya yi shiru, ya ce a bar ta a matsayin abin nema kawai. Tsofaffin hotunan da suka cakuɗe kuwa shi da Malam suka zauna da babban rajistan takarda suna warwarewa ɗaya bayan ɗaya, manhaja tana kawo shawara, su suna yanke hukunci.

Wani abu ƙarami da ke da alaƙa da wannan: na'urar tana rubutu da ISO_IR 100, wato haruffan Turai ta yamma. Tana ɗaukar é da è na Faransanci, ba ta san ɗ da ƙ da ƴ ba, sai ta mai da su alamar tambaya. Rumbuna UTF-8 ne, can cikakken suna yake zaune, abin da ke tafiya wurin na'ura kuma sauƙaƙƙen rubutu ne tare da lamba. Agogon na'urar eko ma ba na yarda da shi. Ƙaramin batirinsa ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai ya koma wata tsohuwar shekara, don haka uwar garke tana rubuta nata lokacin isowa kusa da wanda na'ura ta faɗa.

Sai hanya. Hoton ƙirji mai ɗigo 2500 a 3000, kowane ɗigo bayit 2, mega 15 ke nan. Yanki ɗaya na sikana, 512 a 512, rabin mega ne, amma gwaji mai yanki 300 ya kai mega 150. A layin da ke tura megabit 1 a daƙiƙa minti 20 ne, in rezo bai yanke ba, kuma yana yankewa. Abu biyu na yi. Na farko matsewa marar asara da JPEG-LS, wadda ke rage nauyi zuwa rabi ko kashi ɗaya cikin uku, a warware a Yamai lambobin su dawo daidai yadda suke. Matsewa mai asara ta fi rage nauyi nesa ba kusa ba, amma wannan hukuncin likita ne, ba na mai rubuta manhaja ba, Hajiya kuma ta ce a'a. Na biyu, ba na aika fayil dunƙule. Yadda mai awo ke kwashe buhun hatsi tiya-tiya, haka nake yanka shi gutsure na mega ɗaya, kowanne da hatiminsa, in layi ya yanke a ci gaba daga inda aka tsaya. Akwai layin jira: abin da likita ya yi wa alamar gaggawa ya wuce gaba, sauran su tafi da dare lokacin da rezo ya sarara.

Ƙofar DICOM ba a buɗe ta ga intanet. A yadda aka saba saita ta babu ɓoye bayani, duk wanda ya san sunan kira zai iya tambaya a ba shi. Kwamfutar Tawa ce ke kiran ta Yamai ta ramin WireGuard mai ɓoye bayani, wanda ya zo daidai da yanayinmu tunda layin wayar salula ba ya ba ka adireshin da za a same ka daga waje.

Eko ya zo da nasa halin. Ungozomar asibitin, wadda ke duba masu juna biyu, takan ajiye ƴan daƙiƙoƙi na motsi, bugun zuciyar ɗan tayi ko gudun jini a cibiya. Fayil ɗaya ne mai ɗauke da hotuna da yawa a jere. Don a kalla da sauri a waya nakan ciro su in ba FFmpeg, mai sarrafa bidiyo, ya haɗa MP4 da H.264, tsarin da kusan kowace Tecno da Itel ke buɗewa. Wurin da ake zamewa shi ne gudu. In ba ka faɗa masa ba, FFmpeg hoto 25 yake jerawa a daƙiƙa, alhali gaskiyar tana (0018,1063), tazarar da ke tsakanin hoto da hoto a milisakan. Ka bar shi da 25 ɗinsa, zuciya mai lafiya ta bayyana tana gudu ko tana jan ƙafa. Launi ma sai an kula. Na'urori da yawa suna ajiye shi a YBR_FULL_422, in aka karanta shi a matsayin RGB hoton ya rine kore da ruwan hoda. A Doppler kuwa, ekon da ke nuna gudun jini, launi magana ce: bisa al'ada ja jinin da ke nufo kan na'ura, shuɗi wanda ke nisanta. Na zauna da ungozomar muka jera allon na'ura da na waya muna kwatantawa har ta ce, "To ɗana, yanzu sun zama ɗaya."

Ga masu sana'a irin tawa, ƙananan abubuwa uku da ke hana bidiyo buɗewa: a sa yuv420p, tsawo da faɗi su zama lambobin da biyu ke rabawa, a kuma ƙara +faststart don jadawalin fayil ya dawo farko, bidiyo ya soma tun bai gama sauka ba. Uwar garke ta iya ba da yanki in an nema, amsar nan mai lamba 206, in ba haka ba mai kallo ba zai iya tsallakawa tsakiya ba.

Akwai bidiyon da ban sa a lissafi ba sai da aiki ya kawo shi. Uwa ta zo da yaro tana cewa yana faɗuwa yana karkarwa, a gaban likita kuma lafiyarsa lau, amma yayansa ya ɗauka a waya. Wannan shaida ce mai daraja ga likitan ƙwaƙwalwa. Irinsa ba na cire masa sauti, domin numfashi da kukan suna cikin abin da ake saurare. Abin da nake cirewa daga kwafin aikawa shi ne bayanan da waya ke cusawa a ɓoye, musamman wurin da aka ɗauka, wanda zai iya kai mutum har ƙofar gidansu. Wasu wayoyin da H.265 suke ɗauka, ba kowace burauza ke buɗe shi ba, sai a juya.

Takardu ba su ba ni wahalar fasaha sosai ba. Sakamakon labo, odonas ta magani, takardar turawa daga wani asibiti, duk muna sikanin su a ɗigo 300 a inci, launin toka, shafin A4 ya fito 2480 a 3508, a adana a PDF/A, nau'in da aka tsara don ajiya mai tsawo, wanda ke ƙunshe da haruffansa a cikinsa. Wanda aka ɗauka da waya sai an karanta alamar juyi ta EXIF, in ba haka ba ya fito a kwance. Na sa Tesseract da kundinsa na Faransanci yana karanta bugaggen rubutu don a iya nema. Rubutun hannun likita kam ko ɗan'uwansa likita sai ya yi da gaske, balle manhaja.

Inda na taka birki shi ne lambobi. Dattijon ya so sakamakon labo ya riƙa shiga jadawali da kansa. Na nuna masa wata takarda da ta sha ninki a aljihu: an rubuta sukari 1,26, waƙafin ya faɗa daidai kan ninkin, manhaja ta karanta 126. A nan muna auna sukari da giram a lita, 1,26 ita ce iyakar da ake fara maganar ciwon sukari in an auna kafin a ci abinci. Wanda ya yi gwaji a ƙetaren iyaka, ta wajen Sakkwato, zai iya dawowa da 126 a miligiram ko 7,0 a milimol, duk abu ɗaya. Haemoglobin 7,5 da 75 ma haka. Muka tsaya a kan cewa abin da manhaja ta karanta na nema ne kawai. Lambar da za ta shiga dosiye mutum ne zai buga ta, da ma'auninta, takardar asali tana buɗe a gefe.

Sirrin majiyyaci ya sa na koma kan eko. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido, bayanan lafiya kuma suna cikin waɗanda aka fi tsaurarawa. Ko ba doka ma, Tawa gari ne da kowa ya san kowa, hoton cikin yarinyar da ba ta yi aure ba in ya fita ya isa ya rushe gida. Ranar da dattijon ya so ya kai wasu hotuna taron likitoci, na yi amfani da aikin share suna na Orthanc, wanda ke goge gurabun shaida ya sauya lambobin gwaji. Gurabun suka fita tas, amma sunan matar na nan ɓaro-ɓaro a saman hoton, domin na'urar eko a cikin ɗigogin take ƙona shi. Akwai gurbin da ya kamata ya yi gargaɗi, (0028,0301), sai dai na'urori da yawa ba sa cika shi. Yanzu duk kwafin da zai fita don koyarwa ana rufe saman hotonsa da baƙi gwargwadon samfurin na'ura, sannan mutum ya duba da idonsa kafin a sake shi. Gurabun sirri na kamfani, waɗanda biyu ba ta raba lambarsu ta farko, su ma ana zubar da su, tunda ba ka san abin da aka cusa ciki ba.

Kowane ma'aikaci da nasa asusun, kuma manhaja tana rubuta wanda ya buɗe dosiyen wa, da ƙarfe nawa. An yi gunaguni a farko, don an saba da kalmar sirri ɗaya manne a jikin allo. Dattijon ya tara su ya ce, "Wanda ya ba wani mabuɗinsa, duk abin da aka buɗe da shi a wuyansa yake." Maɓallin saukar da hoto zuwa waya ma ba kowa ke da shi ba.

Yanzu Malam yana ɗauka, hoton ya shiga layi, Hajiya ta buɗe a babban allonta a Yamai, ta rubuta rahoto, ya dawo a PDF da sa hannunta ya zauna kusa da hoton. Ta ƙi karanta komai a waya, na kuma rubuta a saman kwafin waya cewa na kallo ne, ba na yanke hukunci ba. Ajiyar kariya kwafi uku ce: faifan uwar garke, wani faifai a ofishin dattijon da ake sauyawa, da na Yamai. Duk wata nakan ɗauko wasu fayiloli daga ajiyar in lissafa hatiminsu in gwada da na asali, in kuma buɗe kwamfutar in hure ƙurar hunturu daga fankarta.

Abin da ya rage shi ne tsofaffin fim da ke cike da kabad biyu. Dattijon ya so a sa su a sikanan ofis. Ba zai yi ba: na ofis haske yake mayarwa daga takarda, fim kuwa sai an haska shi ta baya, ga shi na ƙirji santimita 35 a 43 ne, ya fi gilashin girma. Akwai na'urar da aka ƙera don wannan, mun sa ta a kasafin baɗi. Kafin nan Majo yana bin envulof ɗin ɗaya-ɗaya yana manna wa kowanne lambar mai shi.